Mudun Awon Talauci Da Matsayin Ɗan Ci-Rani A Kurmi

Jama'a, hatsi da mudu ake auna shi, to haka nan masana tattalin arziki suka yi wa talauci nasa mudun. A shekarar 1990 Bankin Duniya ya yanke cewa duk wanda abin da yake ci bai kai na dala ɗaya a rana ba, matalauci ne. An yi ta ƙara awon nan saboda tsadar kaya, har ya kai dala 1.90 a 2015, dala 2.15 a 2022, sa'an nan dala uku a 2025.

Nijeriya kuwa tana da nata mudu. Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya bi gidaje a 2018 da 2019, yana tambayar abin da iyali suka ci da abin da suka kashe. Ba da albashi aka yi awon ba, domin manomi da ɗan tireda ba su da shi. Aka tsai da Naira 137,430 a shekara ga mutum guda, watau wajen Naira 376 a rana. Kashi 40 daga cikin ɗari na jama'a suka kasa kai wannan awo, kimanin mutum miliyan 83 ke nan, ban da Jihar Barno wadda rashin zaman lafiya ya hana a auna ta sosai. A Sakkwato kusan kashi 88 ne, a Ikko kuwa kashi huɗu da rabi kacal. Bayan janye tallafin mai a 2023, Naira 376 ɗin nan ko lita ɗaya ta fetur ba ta saye.

A 2022 aka zo da wani awon da ba ruwansa da aljihu. Shi yana duban ko yara suna zuwa makaranta, ko asibiti yana kusa, da irin ruwan da ake sha, da makewayi, da abin da ake dafa abinci da shi, da aikin yi. Da wannan aka sami matalauta miliyan 133, kuma kashi 65 daga cikin ɗari nasu a Arewa suke.

To, ina ɗan ci-rani a cikin lissafin nan? Nan ne maganar take da nauyi. Duk awon biyu gida suke bi, a sami maigida da iyalinsa a tambaye su. Mai ga-ruwa a Agege, ko ɗan dako a Sabo ta Badun, ko mai gadin da yake kwana a bakin ƙofar wani, ba shi da gidan da ma'aikaci zai ƙwanƙwasa, sai rumfa ko barandar masallaci. Da wuya ya shiga takarda. Cinikinsa na yini yana iya ɗara awon kuɗi, alhali kuwa yawancin kuɗin ba a cikinsa suke zama ba. Gari da ƙuli yake ci, ya aika sauran gida, su shiga lissafin tukunyar iyalinsa a Sakkwato ko Jigawa. Watau guminsa yana rage talaucin ƙauyensu a takarda, nasa halin kuwa ba a rubuta shi ko'ina ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama da irin alƙaluman nan ne hukuma da masu ba da agaji suke duba inda za a kai taimako. Wanda ya ga kashi huɗu da rabi a gaban sunan Ikko zai ɗauka babu sauran aiki a can. Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa a Kurmi su riƙe sunayen masu kwana a rumfuna, su miƙa wa ma'aikatan ƙididdiga duk ran da suka zo unguwa.