Amsar Wasiƙunku: Majalisar Dara da ta Rasa Magada

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani dattijo a karkarar Gumel ta Jihar Jigawa, manomin gero da riɗi, wanda kuma yake kai awaki kasuwar Maigatari. Ya ce a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya.

Kukan da Baba ya kawo shi ne, majalisarsu ta dara da ke gindin tsamiya tana neman mutuwa. A da, in an sauko daga La'asar, sai ka rasa wurin zama. Yanzu saura su huɗu, ɗaya ma ciwon ƙafa ya fara hana shi fitowa. Samari sun koma gidan kallon ƙwallo da latse-latsen waya, wasu har da cacar ƙwallo. Ya tambaya, shin yaran zamani ne ba su da haƙurin koyo, ko kuwa dara ce kwananta ya ƙare?

To Baba, Allah ya ƙara girma. Na karanta wasiƙarku sau biyu, kuma a ganina amsar tana cikinta. Ku da kanku kuka ba da labarin wani saurayi da ya zo ya zauna a damunar da ta wuce, kuka cinye masa 'ya'ya kaf bai ci ko ɗaya ba, majalisa ta yi ta shewa, har aka laƙa masa suna. Kun ce tun daga ranar bai sake dawowa ba, wai ba shi da zuciya. Ku yi mini aikin gafara, Baba, yaron nan zuciya ce ta kawo shi, kunya ta kore shi. Kuma ba shi kaɗai aka kora ba. Duk abokansa da suka tsaya a bayansa suna kallo, kowa ya ƙudurta a ransa cewa ba da shi ba.

Saboda masu saurare da ba su san wasan ba, dara iri-iri ce, amma wadda Baba yake nufi ita ce ta gida 30, wato layi 5, kowane layi gida 6, ana tona su a ƙasa. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan ya ɗauki tsinke, wancan ya ɗauki tsakuwa. Da farko ana zuba su ɗaya bayan ɗaya, kuma a lokacin zubi ba a yarda ka jera uku ba. In an gama, gida 6 ne kawai suka rage babu kowa. Daga nan sai a fara matsawa gida ɗaya-ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa guda. In ka jera huɗu, ka yi aikin banza. Ƙa'idar takan ɗan bambanta daga gari zuwa gari. Dakarkari na ƙasar Zuru sun yi suna a kanta, Zabarmawa a Nijar kuwa dili suke ce mata.

Kun ga ƙa'idar ba ta da yawa, yaro zai haddace ta kafin a sha shayi. Wahalar tana wurin zubi. Gwani tun a zubi yake gama da kai. Yana ajiye 'ya'yansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da komowa tsakanin gida biyu, duk motsin da ya yi sai ya jera uku, abin da a wasu wurare ake kira doki. Sabon shiga bai san da wannan ba. Shi dai ya ga ana ta kwashe masa 'ya'ya, bai san inda ya yi kuskure ba, ba wanda ya gaya masa, ga 'yan kallo goma kowa na faɗin tasa. Ya tashi bai ƙaru da komai ba sai suna.

A kwalejin horon malamai, abin da suka fi nanata mana shi ne, yaron da ya ba da amsa ba daidai ba, kada ka bari aji ya yi masa dariya, don in an yi, gobe ko ya san amsar ba zai ɗaga hannu ba. Dara ma haka take. Saboda haka, ranar da wani yaro ya sake tsugunawa kusa da ku, kada ku jira ya roƙa. Ku ce masa, "Zo nan, ɗana, riƙe mini tsinken nan." Ku rage 'ya'yanku, ku shiga da 9 ko 10 shi yana da 12. In ya ajiye ɗa a mugun gida, ku tsaya ku nuna masa abin da zai biyo baya, ku bar shi ya ɗauke ya sake. Ba sai kun faɗi da gangan ba, yaro yana ganewa kuma zai ji an raina shi. Amma ku bari ya ci biyu ko uku da guminsa, ya san daɗin cin.

Sai kuma al'adar nan ta wanda ya ci shi ke ci gaba da zama. Tsakanin gwanaye ba laifi, amma ga mai koyo zalunci ce, don zai yi awa guda yana jira, ya yi minti biyar a ƙasa, a tashe shi. Gidan dara ba sayensa ake yi ba. Ku tona na biyu a gefe, na masu koyo, su kara da junansu, dattijo ɗaya ya zauna kusa yana raba gardama. Kuma ku ja kunnen 'yan kallo. Barkwanci tsakanin tsofaffin abokai gishirin majalisa ne, amma wanda ya zo jiya bai san wasa ba ne, shi zagi yake ji. Shimfiɗar fuska, in ji Hausawa, ta fi ta tabarma.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke fama da wannan. A Amurka akwai wani wasa da ake yi a kan tebur, sunansa Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Kamar tatsuniya yake, sai dai masu saurare su ne mutanen cikin labarin. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi yana faɗin abin da zai yi, sai a jefa 'yar ƙwayar nan mai lambobi irin ta wasan lido, tasu har da mai fuska 20, ita za ta nuna ko abin ya yiwu. Babban littafin ƙa'idarsu ya haura shafi 300, kun ga ai dole baƙo ya tsorata. A 2014 kamfanin da ke buga wasan ya fitar da ɗan akwati na masu koyo, da gajeren littafi, da jarumai da aka riga aka shirya, ya kuma saka muhimman ƙa'idojin kyauta a intanet. Da yawa daga cikin masu wasan kuma sukan keɓe zaman farko ba don wasa ba, sai don a gaisa, a san juna, a amince da irin maganar da ba za a yi wa kowa ba. Mutanen da kasuwarsu ke nan sun gane cewa in sabo bai shigo ba, rumfa za a rufe. Ku da ba ku da littafi ko shafi ɗaya, aikinku ya fi nasu sauƙi.

Abu ɗaya da zan ƙara, Baba, kada kuɗi su shiga. Ko na goro ne, da zarar an sa, iyaye za su ce caca ce su hana 'ya'yansu zuwa, kuma da gaskiyarsu. In ladan ya kira salla a tashi, a bar 'ya'ya a gidajensu, ba inda za su.

Shi kuwa saurayin can, kada ku aika yaro ya kira shi. Ku taka da kanku ranar da ba kasuwa, ku kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, ku ce majalisa tana neman wanda zai riƙe gidan masu koyo. Wataƙila ya ce yana da aiki. Ku sake komawa bayan mako guda.

In an gama girbin riɗi, a rubuto mana mu ji mutum nawa ke zama gindin tsamiya. Wassalam.