Gyaran Fuska: Na Istanbul da Na Sakkwato

Yanzu ana hawa jirgi zuwa Istanbul ko Indiya don a sassaƙe haɓa, a daidaita muƙamuƙi. Mai kuɗinsa, ba mu hana shi ba. Wani ma lalura ce, haƙoransa ba sa haɗuwa, tauna tuwo sai da wahala.

Amma ku leƙa lungunan cikin birnin Kano, daga Jakara zuwa Ƙofar Mata. Akwai cutar da likitoci ke kira noma, ba ta gona ba. Daga kumburin dasashi take farawa, a bakin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Cikin 'yan kwanaki sai ta cinye kunci, ta kai ƙashi. Wanda ya tsira, sau da yawa muƙamuƙinsa kan ƙage, ko koko sai da dabara.

Tun 1999 akwai asibitin yara na wannan cuta a Sakkwato, ana yi musu tiyata kyauta. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon Najeriya.

Iyaye mata, in bakin yaro ya fara wari, dasashi na jini, Asibitin Murtala yana nan kusa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kan tsayar da noma tun da wuri.