Jawabi Ga Masu Son Kama Sana'a A Nan Nijar

 

Tambayar da kuka fi yi mana ita ce ko ɗan gudun hijira yana da izinin yin sana'ar kansa a ƙasar nan. E, yana da shi. Yarjejeniyar Janiba ta 1951, a sashe na 18, ta ba shi damar noma da sana'ar hannu da kasuwanci. Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita, kuma tana da dokarta ta 'yan gudun hijira tun 1997. Saboda haka tela da wanzami da mai ƙosai, kowa ya fito fili ya nemi halal ɗinsa. Sai dai takardar shaidarku kada ta rabu da ku, musamman ranar kasuwa.

Abin da ke cinye jarin sabon zuwa tun a makon farko shi ne lissafin kuɗi. Hausa ɗaya muke yi da mutanen Maraɗi, amma ƙidayar ta bambanta. A nan da dala ake ƙirge, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan aka ce maka “ashirin”, sefa 100 ake nufi. “Ɗari” sefa 500 ce. Jika ɗaya sefa 1,000. Duk abin da aka faɗa da baki, ninka shi sau biyar, shi ne lambar da ke jikin kuɗin. Wanda ya saba da naira a kasuwar Isa ko Sabon Birni, sai ya biya fiye da kima yana murna ya samu araha. Ku zauna kusa da ɗan gari kasuwa biyu ko uku, ku saurari ciniki, kafin ku baje kaya. Jarinku kuma ku riƙe shi a kuɗin da kuke saro kaya da shi, don canji kullum motsi yake.

Batun haraji gajere ne. Mai baje kaya zai yanki tikitin kasuwa daga ma'aikatan magajin gari, kamar kowa. Mai shago akwai fatanti a kansa. Duk wanda ya karɓi kuɗinku, ku nemi takardar biya.

Saran itace don sayarwa ba tare da izinin ma'aikatan gandun daji ba yana jawo tara, yana kuma ɓata zama da waɗanda suka karɓe mu baƙunci. Ƙetara iyaka don saro kaya ya fi wannan haɗari. Mun san ribar tana jan hankali, amma hanyar da kuka gudo daga gare ta ce, kuma yawan kai-da-komo na iya sa a sake duba matsayinku na 'yan gudun hijira. Ku sara a Maraɗi ko Gidan Rumji, ko da ribar ta ragu.

Iyayenmu mata, jari ba lallai sai daga ofishinmu zai fito ba. Tsarin asusun Mata Masu Dubara a yankin nan na Maraɗi aka fara shi a 1991: zubi kowane mako, rance daga cikin asusun, rabo a ƙarshen zango. Ku shiga tare da matan gari, su ne za su zama masu sayen kayanku na farko.

Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu. Bari mu fara da ɓangaren mata.