Taga Ɗaya Ko Biyu? Jawabi A Kan Shafukan Intanet Da Ɗalibin Bakin Iyaka



Batun da aka ɗora mana ƙarami ne a ido, har wani ya ce bai isa a tara jama'a dominsa ba. Ga shi: idan mai karatu ya taɓa mahaɗi a shafin intanet, watau rubutun nan mai launin shuɗi da ke kai mutum wani shafi, ya kamata sabon shafin ya buɗe a wata taga dabam, ko kuwa ya maye gurbin wanda ake karantawa? Mu dai ra'ayinmu a bar shi a taga ɗaya. Dalilinmu kuwa daga ƙasar Bagudo muka ɗauko shi.

Ku dubi ɗalibi ɗan Kaoje, ko Illo, ko Lolo. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta da kwamfuta ake yin ta. In ya sami shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko jami'ar da ke Aliero, rajista ta intanet ce. Neman bashin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe a 2024, haka. Rajistar bautar ƙasa ma haka. Alhali kuwa galibi ba shi da kwamfuta, sai waya ƙarama mai arha, da data wadda yake ƙirgawa kamar mai awon gero a damina. In kuma gidansu wajen Tsamiya yake, daura da Segbana ta ƙasar Benin, sabis na iya ɗaukewa, wani lokaci ma wayar ta kamo layin ƙetare ba da saninsa ba. To, wannan shi ne mai karatun da ya kamata a gina shafi dominsa, ba darakta mai babban allo a ofis ba.

Masu son sabuwar taga hujja biyu gare su. Ta farko, wai kada baƙo ya bar shafinsu ya manta hanyar dawowa. Wannan ba ta cancanci dogon bayani ba, gama son kai ne kurum. Ba a riƙe baƙo da ɓoye masa takalmi. Tun 1999 Jakob Nielsen, masanin nan ɗan ƙasar Denmark, ya lissafta wannan ɗabi'a cikin manyan kurakurai goma na masu tsara shafuka, domin tana kashe kibiyar komawa baya, wadda ita ce abin da kowa ya fara iyawa. Wanda yake son sabuwar taga yana iya buɗe ta da kansa, ya danne mahaɗin ya riƙe. Amma wanda aka tilasta wa ba shi da zaɓi.

Hujja ta biyu ita ce mai nauyi, kuma a nan za mu daɗe. Sun ce mutum yana tsakiyar cika fom, ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, sai ya bukaci duba wani bayani. In bayanin ya buɗe a taga ɗaya, duk abin da ya rubuta na iya salwanta; in ya buɗe a wata, fom ɗin na nan yana jiransa. Lalle a kwamfuta gaskiya ne. Amma a ƙaramar waya labarin ya sha bamban. Irin wannan waya ƙwaƙwalwarta kaɗan ce, saboda haka idan aka buɗe sabuwar taga, takan sauke ta baya don ta sami sarari. Ɗalibi ya gama karanta bayani, ya koma, sai ya tarar shafin yana sake lodi daga farko. In sabis ya ɗauke a daidai lokacin, shi ke nan: ba fom, ba data, ranar rufe rajista kuma ba ta jira. Ashe maganin da aka yi alfahari da shi bai yi wa wanda ya fi bukata aiki ba. Magani na ainihi shi ne shafin ya riƙa adana abin da aka rubuta mataki mataki, sa'an nan a sa gajeren bayani nan kusa da gurbin da ake cikawa, yadda ba sai an je ko'ina ba. Wannan ya fi wuya ga mai gina shafi, shi ya sa ake gudunsa.

Har ila yau akwai batun 'yan damfara. Shekaru da dama shafin da ya buɗe a sabuwar taga yana iya musanya na baya da na bogi, mai kama da shi sak, ya ce a sake shigar da lambar sirri. Chrome bai toshe wannan ƙofa da kansa ba sai a 2021, kuma ba kowace tsohuwar waya ce aka sabunta ba. Makafi masu amfani da manhajar da ke karanta musu allo su ma sukan ruɗe, abin da ya sa hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta shawarci a gargaɗi mai karatu kafin a buɗe masa taga.

Saura ku, matasan ma'aikata. Gobe ku ne za a ce ku rubuta sharuɗɗan kwangilar shafin ma'aikata ko na ƙaramar hukuma. Ku sa a rubuce cewa mahaɗai su buɗe a taga ɗaya. Inda ya zama tilas a saɓa, a rubuta gargaɗi a jikin mahaɗin, da Hausa kuma. Kafin a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe, a ɗauki waya mafi arha a ofis, a hau mota zuwa Tsamiya ranar kasuwa, a cika fom ɗin a can daga farko har ƙarshe.