Mi ke sa saniya tsayawa gaban mota da dare?

Muna roƙon iyayenmu su yi haƙuri da yaro ya tsaya gabansu shina magana bisa shanu.

Kun san abin da ya faru watan jiya bisa hanyar Maraɗi, kusa da mararrabar garinmu. Mota ta buge saniya da dare, saniya ta mutu, gaban mota ya lalace, fasinja biyu sunka kwana likita. Direba ya rantse ya yi oda, ya haska ta da wuta, ta ƙi gusawa. Mai saniya ya ce dabbarshi ba ta da taurin kai. Da safe ɗiyan lakwal sunka tare mu da tambaya: «Mushe, wa ke da gaskiya?» Munka ce musu duka biyun ba su yi ƙarya ba. Ga dalili.

Duk wanda ya taɓa haska garke da tocila ya ga idanun shanu suna ƙyalli kamar garwashi. Tumaki, awaki, jakkai, karnuka da kyanwa duk haka ne. Can cikin idonsu akwai wata fata mai maida haske kamar madubi, masana na ce mata tapetum. Ɗan hasken da ya shiga idon, sai ta maido shi ya sake bi, shi ya sa dabba ta fi mu gani da dare. Mutum ba shi da ita. Amma kyautar nan tana da wahalarta. Cikin duhu baƙin ido buɗe yake sosai don ya tara haske, sai ga wutar mota ta faɗo mishi gaba ɗaya. Saniyar ba ta ganin mota, ba ta ganin gefen hanya, fari kawai take gani, kuma dabbar da ba ta ga inda za ta sa ƙafa ba tsayawa take. Munka gwada ma yara cikin aji: munka rufe tagogi, munka haska ɗaya da tocila a fuska, munka ce ya zo ya taɓa allo. Tsaye ya yi shina lalube, sauran suna dariya.

Idanun saniya kuma a gefen kai suke. Tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita, amma ba ta iya auna nisan abin da ke zuwa kamar yadda muke yi. Oda kuwa tsoro kawai take ƙara mata, ba ta gaya mata ta bi dama ko hagu.

Wani dattijo ya tambaye mu mi ke kai su bisa gudron tun farko. Gudron shina shan rana wuni guda, da dare ya riƙa sakin zafi, don haka lokacin ɗari jakkai da awaki ke kwanciya bisanshi. Da damana kuma nan ne babu caɓo.

Yanzu lissafin mota, ku yi muna uzuri, aikinmu ne. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 kowane sakan. Kafin direba ya ga abu ya taka birki, sakan guda ya wuce, mita 25 ke nan. Kafin ta tsaya cik, bisa busasshen gudron da taya mai kyau, sai ta ƙara wajen mita 45. Jimla mita 70. To ƙaramar wuta, wadda direbobi ke ce ma kod, abin da doka ta nema gare ta shi ne ta haska mita 30, babbar wuta mita 100. Wanda ke gudun 90 da kod, lokacin da ya ga saniya ya riga ya makara. Balle motar kasuwa da ta yi lodi har sama, wani lokaci ma da ido guda.

Raƙumi ya fi duka haɗari. Wuta ƙafafunshi kawai take kamawa, in anka buge su kuma gangar jikin bisa madubin gaba take faɗowa. Ko raƙuman dawa na Kure, irin waɗanda anka kai Gadabeji guda 8 a shekarar 2018, mota ta sha kashe su bisa babbar hanya.

Ga ƴan uwanmu direbobi: in kun hangi idanu na ƙyalli, ku rage gudu tun daga nesa, ku maida wuta kod, ku bar oda. In ɗaya ta ƙetare, akwai wasu bayanta. Ga masu dabbobi: a ƙetare wurin burtali, kar a bar ma ƙaramin yaro aikin nan bayan magariba, babba ya tsaya bakin hanya da tocila shina haska ƙasa.

Ku da ke zuwa Maraɗi, Kano da Legas, akwai rigar nan mai ƙyalli ta masu aikin hanya, ba ta da tsada. Ƙungiya na son guda goma don makiyayan unguwanninmu kafin a fara kai dabbobi arewacin Tarka. Wanda zai iya kawo ɗaya ya ba ma'aji sunanshi bayan addu'a.