Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci: tarihin Yauri yana bakin tsofaffi



Yauri gari ne na ƙasar Kance, kusa da Matameye, cikin jihar Damagaram. Amma in an ce Yauri, mutane da yawa sai su tuna da Yawuri ta bakin Kwara, a Najeriya. Yauri ta Matameye ma tana da nata tarihi.

Masana sun yi aiki a wannan ƙasa. A shekarun 1960, wani Bafaranshe mai suna Guy Nicolas ya binciki zaman jama'a da noma a ƙasar Kance. A 1971, André Salifou, ɗan Damagaram, ya fitar da littafi a kan sarautar Damagaram. Akwai labarin Sarki Tanimu a ciki, wanda ya rasu a 1884. A Yamai kuma, tun 1968 aka buɗe cibiyar tattara tarihin baka.

Sai dai da faransanci aka rubuta littattafan nan. Manomi ba ya karanta su. Kuma wa ya san wanda ya gina rijiyar farko ta gari? Wa ya san iyakar gonakin kakanni? Tsofaffi ne. In sun tafi, sanin ya tafi. Daga nan sai rigimar gona ta tashi, babu mai shaida.

To, ga aikin da ɗalibai ke iya yi. Mutum 5 ko 6 su haɗa ƙungiya. Su nemi izinin mai gari. Su ɗauki kaye da bik, su je gun tsofaffi da goro. Kada su manta da tsofaffin mata, da maroƙa, da maƙera, da liman. A rubuta sunan mai magana da ranar da ya yi ta. In biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun.

Tsoho ba ya ƙirga shekara da lamba. Sai a tambaye shi: kafin yunwar Kakalaba ne ko bayanta? An yi ta a 1913 da 1914. Nasara sun kama Damagaram a 1899. An samu mulkin kai a 1960. Yunwar El Buhari kuwa a 1984 ne. Da waɗannan ake gane lokaci.

In an gama, a karanta a gaban jama'a, a gyara. Kofi ɗaya gun mai gari, ɗaya a lakwal.

Allah ya ja da ran tsofaffi. Amma a fara tun bana, da an gama girbi.