CRP: abin da takardar labo ke faɗa mana game da masassara

Ƴan uwana matasa, samari da ƴan mata, na Agye da Gazawa da Gidan Rumji, sannunku da hallara.

Da yawa cikinku ku ne ake aike. In ƙane ya kwana da zafin jiki, kai ne za ka ɗauko shi bisa babur zuwa asibiti, ke ce za ki karanta ma inna takardar da aka rubuto da faransanci. To a cikin takardun labo akwai wasu harufa uku da kuke iya cin karo da su, CRP, da lamba a gabansu. Su nake so mu tattauna, don lambar nan tana tada hankalin mutane fiye da kima, wani lokaci kuma tana kwantar da shi inda bai kamata ba.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Ƙaya ta soke ka a gona, kwana biyu wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi, yana zogi. Jiki ne ke yaƙi a wurin. Irin wannan kumburi yana faruwa a ciki ma, inda ido bai kai, a huhu ko a hanji ko a gaɓɓai. Ƙwayoyin jinin da ke fagen daga sukan saki wani sinadari mai suna IL-6, ya bi jini ya kai labari ga hanta. Hanta kuwa da ta ji, sai ta shiga ƙera wani furotin tana zubawa cikin jini. Shi ne CRP.

An gano shi a 1930 a Cibiyar Rockefeller da ke birnin New York na Amurka. Likitoci biyu, William Tillett da Thomas Francis, suka lura cewa jinin masu ciwon huhu mai tsanani yana ɗauke da wani abu da ke maƙale ma wani sashe na bawon ƙwayar cutar, sashen da ake kira C. Daga nan sunan ya fito. Da mara lafiya ya warke, abin sai ya ɓace.

Siffarsa abin kallo ce. Ku ɗauka mutum biyar ne suka zauna suka kewaye akushi, kowa kafaɗarsa na taɓa ta ɗan uwansa, tsakiya fili. Haka CRP yake: gutsure biyar iri ɗaya sak, kowane an jera shi da tubali 206 na amino asid, sun haɗu sun yi zobe. Zoben nan fuska biyu gare shi. Da fuska ɗaya, tare da taimakon kalsiyom, yake cafke wani abu mai suna fosfokolin, wanda ke jikin wasu bakteriya da kuma jikin ƙwayoyin halittarmu da suka mutu ko suka lalace. Da ɗaya fuskar yake kiran sauran mayaƙan jini su zo su cinye abin da ya riƙe. Wato shi mai nuni ne, ya dafa ɓarawo ya yi kururuwa. Kuma ku lura, gawar namu ma yana dafa ta don a kwashe. Shi ya sa ƙuna da karaya da aikin tiyata duk suna ɗaga shi, ko babu ƙwayar cuta ko ɗaya.

A jikin mai lafiya bai cika wuce miligiram 5 a litar jini ba. In ciwo ya kama, cikin awa 6 zuwa 8 ya fara hawa, wajen kwana biyu ya kai ƙololuwa, yana iya ninkawa sau ɗaruruwa, har dubu. In an kashe wutar kuma, duk bayan kamar awa 19 rabinsa ke barin jini. Saurin hawa da saurin saukar nan su suka sa likitoci ke son sa.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. CRP yana cewa akwai gobara, yana kuma kwatanta girmanta. Wanda ya kunna ta, bai san shi ba. Gaskiya ne bakteriya sun fi ɗaga shi, sau da yawa sama da 100, alhali mura da mafi yawan cututtukan birus kaɗan suke motsa shi. Amma mu nan ƙasar sauro muke. Masassarar cizon sauro, wadda ke cika asibitocinmu daga tsakiyar damina zuwa kaka, ita ma tana ɗaga CRP ƙwarai, ba kuwa antibiyotik ke maganinta ba. Don haka yaro mai zafin jiki a watan Satumba, gwajin farko da yake buƙata shi ne na masassara, wanda ake soka yatsa a ga sakamako cikin minti 15 zuwa 20.

Ba daga littattafan Turai kaɗai muka san haka ba. A nan Maraɗi masu bincike na Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF, sun auna CRP a jinin yaran da aka kwantar da tamowa mai tsanani, aka buga sakamakon a mujallar Pediatrics a 2014. Suka ga awon shi kaɗai bai isa ya ware yaron da bakteriya suka shiga jininsa daga wanda ba su shiga ba. Amma yaran da suka zo da CRP mai yawa sun fi shiga haɗarin rasa rai. Kun ga amfaninsa ke nan a wurin: ya nuna ma malaman asibiti gadon da ba za su ɗauke ido daga kansa ba.

Ta ɗaya gefen, in lambar ta yi ƙasa tana iya hana ɓarnar magani. A Biyetnam an gwada haka da mutum kusan 2,000 masu tari da mura marasa tsanani, aka fitar da sakamako a 2016. Inda ba a yi awon ba, 78 cikin 100 sun sha antibiyotik. Inda aka yi, 64, kuma warkewa ba ta bambanta ba. Ragin ba shi da yawa, a ganina, don sabo da wuyar bari yake ko ga likita. Amma ku dubi namu halin. Ranar kasuwa mai tallar magani na yawo da tire cikin rana, a sayi kafso biyu na amoksisilin a haɗiye don kai na ciwo. Kafso biyu ba su kashe bakteriya, horar da su suke yi. Ranar da ƙanenka zai kamu da ciwon huhu na gaske, a ba shi maganin nan ya ƙi ci, wa za a tuhuma?

Akwai wani awon mai kaifi, hs-CRP, da ke duba ɗan ƙaramin kumburin da ke daɗewa a jijiyoyin jini, wanda ke da alaƙa da ciwon zuciya. Ƙiba da shan taba suna ɗaga shi. Masu shisha, na faɗa na wuce.

Abu biyu kuma game da karatun takardar. In an ɗebi jini awa biyu ko uku da fara ciwo, CRP na iya fitowa ƙasa don hanta ba ta gama shiri ba. Yaron da ke sheƙa numfashi, ko ya ƙi nono, ko wuyansa ya sanƙare, ko yake suma, ba a mayar da shi gida don lamba ta yi kyau. Sannan awo biyu sun fi ɗaya magana. In ran Litinin 140 ne, aka fara magani, ran Laraba aka samu 50, ana bisa hanya ko da jikin bai gama sanyi ba. In ya tsaya cik ko ya ƙaru, likita zai sake tunani: ko maganin bai dace ba, ko akwai mugunya da ta taru a wani wuri. Saboda haka takardar farko kar a naɗe ƙosai da ita. A sa ta cikin karnen asibiti, a koma da ita ranar da aka ce a dawo.